Na Danna Kafin Muryar Ta Gama Magana

Gidan Rumji, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ki Damagaram lafiya jibi, ya tsare motar da za ki shiga da direbanta, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronsa, ya buɗe miki kai a lakol, makarantar ungozoma, kamar yadda ya buɗe miki tun kina ƙarama. Amin.

Na ce wa innarki ta miƙa miki takardar nan yau, ki samu wuri ki karanta ke kaɗai. Da hannuna na buga ta, ba wanda ya duba mini ko harafi guda. In kin ga kuskure, ki bar mini abina. Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda kin fi ni sanin abin da ke cikin gidan. Kurakuraina zan faɗa miki. Wasu a gabanki na yi su, amma ban taɓa buɗe baki na kira su kuskure ba, kuma ba na son ki tafi da su a haka.

Kin san shekara ashirin da biyu na yi ina buga takardu a buro, wato ofishin magajin gari, kafin in buɗe rumfata a bakin kasuwa. Abin da ba ki sani ba shi ne, idona ya fara tafiya tun ina buro. Gefe-gefe ya soma rufewa, sai in ga kamar ina leƙe ta cikin bututu. Ban gaya wa kowa ba, har innarki. Idan na yi karo da turmi sai in yi faɗa in ce wa ya ajiye shi a kan hanya, alhali turmin yana wurin tun kafin a haife ki. Yatsuna sun san injin bugawa, don haka na ci gaba da aiki kamar ba komi. Ranar da asirina ya tonu ranar kasuwa ce. Wani manomi daga Gidan Sori ya zo in rubuta masa takardar shaidar gonar da ya gada. Na buga masa tun daga sama har ƙasa, na zare takardar na miƙa masa da alfahari. Ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, ni ban yi lakol ba, amma kamar ba komi a jikinta." Zaren tawada ne ya tsinke tun layin farko, ni kuwa ban gani ba. Farar takarda na ba shi. Na ce masa wasa nake yi. Bai yi dariya ba, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam," ya naɗe takardar ya tafi da ita don kada ya kunyata ni.

Da muka je Maradi, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma da na zo shekara biyu baya, da an tare abin da ya rage. Bai yi mini faɗa ba. Ya faɗa ne kawai yana rubutu.

Uwani, inda za ki, rayukan mata da jarirai za a sa a hannunki. Ranar da ba ki gane abu ba, ki ce ba ki gane ba, ko da ɗaliban ajin duka za su juyo su kalle ki. Ranar da hannunki bai iya ba, ki kira wadda ta fi ki. Kunyar faɗa ta ɗan lokaci ce. Ni na guje ta, ga shi na biya da idanu biyu.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi a zuciyata, domin ke ya taɓa. Da gani ya ƙare gaba ɗaya, baffanki ya aiko mana da tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, daga Yamai, kika zauna a rumfa ina faɗa kina bugawa. A shekarar ne kika ci jarrabawa, sunanki ya fito a lakol ɗin nan da za ki yanzu. Kika zo kika durƙusa kika ce, "Baba, zan bari sai baɗi." Na ce Allah ya yi miki albarka. Iyakar abin da na ce ke nan. Baɗi ta zo, kika sake faɗa, na sake sa miki albarka. Gaskiyar magana, daɗi na ji duka sau biyun. Na ce wa kaina ai ke kika zaɓa, ban tilasta ki ba. Amma na san da na ce ki tafi, da kin tafi.

Innarki ce ta fasa mini ƙwan. Wata safiya ta kawo mini kunu, ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta ce, "Malam, sandarka tana bayan ƙofa. Wannan da kake dogarawa ɗiya ce." Na fusata na ƙi shan kunun. Kwana uku ban yi mata magana mai daɗi ba.

Ki riƙe wannan: mutum yana iya danne ki da albarka da godiya, ba sai da faɗa ba, kuma yana iya zama mai ƙaunarki. Idan kika ga alherin da kike yi wa wani ya fara cinye abin da Allah ya ba ki, ki tsaya ki duba. Ke ma kada ki yi wa wani haka. In wata ta ce za ta bar nata don naki, ki tambaye ta sau biyu, kuma ki saurari abin da muryarta ke faɗa, ba bakinta kawai ba.

Cikin fushin kwana ukun nan Mushe Habu ya zo rumfa, malamin lissafi na kolej da ya koyar da ku, wanda kuke ce wa Mushe kamar kowane malamin lakol. Kina gida ranar. Ya zo buga takarda, ya tarar da ni zaune kusa da ordinata a rufe kamar mai gadin kayan wani. Ya ce, "Baba Laminu, ka san wannan abin yana iya magana?" Na ce na ji labari, amma an ce manhajar da ke sa shi magana kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu, kuma tsohuwar na'urar nan da ƙyar take buɗe ido da safe. Ya ce akwai wata hanya. Akwai wani tsarin da ke tafiyar da ordinata baki ɗaya, sunansa Linux, kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma da muryarsa yake zuwa, makaho na iya sa shi da kansa tun daga farko. Na tambaye shi wane kamfani ne ya yi. Ya ce ba na mutum ɗaya ba ne, mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu, kowa na iya buɗe cikinsa ya gani, ya gyara, ya ba wani.

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Mushe, abin da ba shi da mai shi, kuma ba a sayarwa, shi za ka kawo wa makaho? Don kun ga ba na gani sai a kawo mini na sadaka?" Ya ce, "Baba, irin geron da kake shukawa a gonarka a wane kanti ka saya?" Na ce na gada. Ya ce, "To wa ke da shi?" Ya tashi ya tafi. Sati biyar na ɓata kafin in aika a kira shi, kuma ba don komi ba sai girman kai. Sati biyar ɗin nan kina zaune kina buga wa mutane takardun neman aiki, naki karatun yana jira.

Kada ki auna abu da tsadarsa, kada kuma ki auna shawara da shekarun mai ba da ita. Mushe Habu a haife na haife shi, amma shi ya buɗe mini ƙofar da nake ciki yanzu.

Ba zan manta ranar da ya zo da faifan tsarin ba. Ya sa shi, na'urar ta yi ta gurnani, can sai na ji ɗan kiɗa kamar na ƙaramar ganga. Ya kama yatsuna ya ɗora a kan maɓallai biyu ya ce in danna. Sai wata murya ta fito, irin ta mutumin da ke magana cikin garwa, ta yi mini maraba da Faransanci. Na danna harafi, ta faɗi sunansa. Na danna wani, ta faɗa. Na buga sunana, ta karanta mini shi. Shekara uku rabona da sanin abin da yatsuna suka rubuta sai wani ya gaya mini. Kin tuna na ce a ba ni ruwa? Ba ƙishirwa nake ji ba, so nake ki tashi daga gabana.

Mushe ya ce mini wannan gwaji ne kawai, daga faifan yake aiki, bai taɓa komi na cikin na'urar ba. Ya ce in yi wasa da shi yadda nake so, amma kada in zaunar da shi a ciki sai ya dawo ranar Asabar, domin sai an kwashe abin da ke ciki an adana tukuna. Na ce to.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna rubuta miki wannan takarda.

Ranar Juma'a da safe kin tafi rakiyar innarki asibiti. Na zauna ni kaɗai, zuciyata ta ce, kai da ka yi shekara ashirin da biyu a buro, sai ka jira yaro ya zo ya riƙe maka hannu? Na so ku dawo ku tarar na gama, ku yi mamaki. Na sa faifan, na ji gangar, na kunna muryar, na shiga wurin zaunarwa. Ta tambaye ni harshe, na zaɓa. Ta tambaye ni gari, na zaɓa. Komi na tafiya daidai, kaina ya ƙara girma. Sai ta zo wata tambaya mai tsawo, ta fara karantowa a hankali, zaɓi bayan zaɓi. Na gaji da jira. Na ji ta ce a yi amfani da ma'ajiyar na'urar, na ce ai shi nake so, na danna. Ta sake fara wata magana, na sake dannawa kafin ta kai tsakiya. Daga baya Mushe ya gaya mini abin da take shirin faɗa: duk abin da ke ciki za a share shi, ka tabbata?

Kin san abin da ke ciki. Takardun mutane ba su dame ni ba, an sake bugawa. Muryar Inna ce, mahaifiyata. Ranar nan da kika zaunar da ita a gindin dalbejiya, kika ɗauki maganarta da waya, tana ba da labarin yadda kakanta ya taso daga ƙasar Katsina da jakai biyu, da sunayen rijiyoyin da suka yada zango, da waƙar da uwarta ke yi in tana daka. Kika juye a ordinata saboda wayar ta cika. Wata huɗu bayan nan ta rasu. Ba mu da wani wurin da muryarta take sai nan, kuma ni na share ta da yatsa ɗaya, ni ɗanta.

Mushe ya yi kwana biyu yana tonon na'urar. Ya ceto wasu hotuna, muryar ba ta dawo ba. Da ya faɗa, sai kika ce bari ki duba tukunya. Uwani, makaho yana ji. Na ji ki a madafa, na ji kina toshe baki da zane. Na zauna a inda nake, ban iya tasowa ba, kuma har yau ban ce ki yafe mini ba. Sunanta kike ɗauke da shi, shi ya sa ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, kuma ke kika yi tunanin adana muryarta lokacin da mu manya ba mu yi ba. Ki yafe mini.

Abu biyu nake so ki ɗauka daga nan. Na farko, ki bar mai magana ya kai ƙarshe. Mace za ta zo miki tana kewaye-kewaye, tana ba ki labarin suruka da na tafiyar amalanke, ke kuma layi ya yi tsawo. Abin da zai kashe ta sau da yawa yana cikin jimlar ƙarshe, wadda take jin kunyar faɗa. Kada ki yanke hukunci a tsakiyar maganarta. Na biyu, duk abin da ba shi da madadi, ki ajiye shi wuri biyu. Ni yanzu kowace Alhamis sai na juye aikina a kile biyu, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin ordinata, ɗaya a aljihuna, ɗaya cikin kwallar innarki.

Bayan wannan na ce na bar ordinata har abada. Ke kika hana. Kika ɗauko ta kika ɗora mini a cinya kika ce, "Baba, tunda an riga an yi asarar, kada a yi ta a banza." Ban san inda kika samo wannan magana ba kina da shekara goma sha tara. A ranar na san cewa na haifi wadda ta fi ni.

Washegari ma sai da na sake ba da kunya, amma wannan ta dariya ce. Na'urar ta ƙi karɓar kalmar sirrin da ni da kaina na sa mata. Na buga sau goma, ta ƙi. Na zage ta, na zagi waɗanda suka yi ta, na ce dama na faɗa, kayan sadaka ke nan. Mushe ya zo ya ce in buga harafin farko na sunan innarki a wani wuri in ji. Na buga A, muryar ta ce Q. Ashe cikin gaggawata jerin maɓallan Ingilishi na zaɓa, ni kuwa yatsuna na Faransanci suka sani. Na'urar abin da na ce ta yi shi ta yi. Kafin ki ɗora wa kayan aiki laifi, ko wa abokiyar aiki, ki koma baya ki duba abin da ke kika zaɓa.

Daga nan muka fara koyo na gaske, kuma kin san wahalar da kika sha. Mushe ya ce abu uku zan fara riƙewa: maɓallin da ke tsallakawa daga wuri zuwa wuri, kibiyoyi huɗu, da wanda ke sa muryar ta gaya mini inda nake in na ɓace. Ya ce in rage saurin muryar har sai kunnena ya saba, kada in yi gasa da kowa. Ya kuma kafa miki doka: ba ki da izinin gaya mini abin da ke kan allo. Nakan ji numfashinki yana sauyawa in na kusa yin kuskure, sai in janye yatsa. Da Mushe ya gane, ya ce ai wannan satar amsa ce, ya rufe allon da tsumma. Ranar na ɓace cikin na'urar kusan awa guda ina neman takarda ɗaya. Na same ta. Kika yi guɗa a bakin kasuwa, masu awon gero suka zo tambayar wa ya haihu.

Akwai abin da ya ci gaba da ƙona mini rai. Muryar Faransanci ta iya, Hausa kuwa sai ta yi mata kaca-kaca. Ta karanta kunu kamar mai mura, ƙ da ɗ da ɓ kuma ko ta tsallake su ko ta kira wani dogon suna da ban gane ba. Mushe ya nuna mini wani zaure a intanet inda makafi masu amfani da tsarin suke aika wa juna saƙo. Muka je siber, shagon intanet, a Maradi, na rubuta musu saƙo mai zafi. Na ce sun manta da mu, sun yi wa Turawa abinsu sun bar baƙar fata, ko Hausa ba harshe ba ce? Na dawo gida ina jin na yi jarumta.

Da muka koma bayan sati, wata mata ta amsa, makauniya ce ita ma, daga wata ƙasa mai nisa. Ba ta yi fushi ba. Ta ce gaskiya ne ba su da Hausa, domin har yau ba wani mai jin Hausa da ya shigo cikinsu, ni ne na farko da ta sani. Ta ce in gwada muryar Suwahili, wataƙila ta fi kusa, kuma akwai wurin da nake iya koya wa muryar yadda za ta faɗi kowace kalma. Ta rufe da cewa in na tara kalmomin, in aiko musu, na bayana ya samu. Na ji kunya ƙwarai. Na je da zagi wurin mutanen da ba wanda ya biya su, suna yi ne bayan sun taso daga nasu aikin, yawancinsu kuma ba sa gani kamar ni.

Na gwada, kuma ta yi gaskiya. Tun daga ranar duk kalmar da muryar ta karya sai in tsaya in gyara mata. Yau tana cewa Gidan Rumji kamar baƙon da ya shekara a garin. Na aika musu jerin sau biyu. Ban san ko wani ya yi amfani da shi ba, amma yana can, kuma sunan garinmu yana ciki. Za ki tarar da abubuwa da yawa a lalace inda za a tura ki aiki: ba magani, ba fitila, ba gado. Ki faɗa, kada ki yi shiru. Amma kafin ki ɗaga murya ki tambayi kanki ko wanda kike wa faɗan ya fi ki iko a kan abin, ko shi ma haƙuri yake yi. In akwai ɓangaren da hannunki zai iya, ki fara da shi.

Kuskure na ƙarshe bai daɗe ba, kina iya tunawa da rabinsa. Lokacin da sojoji suka ce za su maida mulki, aka fito da sabon kundin tsarin mulki don a jefa masa ƙuri'a, Mushe ya kawo mini shi a kile. Shi ne dogon rubutu na farko da na karanta da kaina tun da na makance. Kwana huɗu na yi ina saurare, wani wurin sau uku. Na ji kaina kamar na dawo cikin mutane. Da can sai dai a gaya mini abin da rediyo ya ce, da abin da wane ya ce rediyo ya ce.

Wata la'asar muna zaune a majalisa ƙofar masallaci, Alhaji Garba ya fara bayanin abin da kundin ya ce kan wa'adin shugaba. Kin san Alhaji Garba, shi ke biyo mini kowace salla tun ranar da na daina gani, ya kama hannuna, ba fashi. Ya faɗi abin ba daidai ba. Da na ja shi gefe bayan an watse, da shi ke nan. Sai na ce a gaban kowa, "Alhaji, kai mai ido ba ka karanta ba, ni makaho na karanta. Ka bar faɗin abin da ba ka sani ba." Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar. Ya raka ni gida kamar kullum. Da magariba ban ji takunsa ba. Kwana tara bai zo ba.

Ran na goma na ɗauki sandata na tafi gidansa ni kaɗai, na faɗa kwata sau ɗaya a hanya. Na yi sallama, ya fito. Na ce, "Alhaji, na zo ne in ce na yi rashin kunya." Ya ce, "Laminu, gaskiya ka faɗa, ban karanta ba. Amma shekara uku ina ganin rigarka a birkice, ka taɓa jin na faɗa a majalisa? A zaure nake gyara maka." Ban sani ba sai ranar. Ina jin yana taɓa kafaɗata kafin mu fita, na ɗauka gaisuwa ce. Ranar ƙuri'a shi ya kai ni, ya tsaya a bakin labule, ya karanta mini abin da ke jikin takardun bai ƙara ko kalma ba, alhali ya san ba abu ɗaya muke so ba.

Za ki gama lakol ki dawo da ilimin da tsofaffin ungozomomin ƙauye ba su da shi. Za ki ga suna yin abin da aka koya miki cewa kuskure ne. Ki gyara, domin rai ne. Amma ki gyara a zaure. Su suka karɓi haihuwar rabin garin kafin a san za a haife ki, kuma ranar da mota ta ƙi zuwa, su za su riƙe miki fitila.

Ban rubuta duk wannan don ki tafi da baƙin ciki ba. Ni yau mai alfahari ne. Wata biyu ke nan ina buɗe rumfa ni kaɗai, in buga, muryar ta karanta wa mai takarda a gabansa, ya ji da kunnensa abin da aka rubuta da sunansa. Waɗanda ba su yi lakol ba sun fi son haka, sun ce ba a taɓa karanta musu takardarsu tun daga farko har ƙarshe ba. Wani makaho mai tufkar igiya daga Tibiri ya aiko yana tambaya ko zan koya masa, na ce ya zo bayan girbi. Amma alfaharina mafi girma ke ce. Shekara biyu kina ganin sa'o'inki suna tafiya, ba ki taɓa ajiye mini kwano da ƙarfi ba. Kika sake zama jarrabawar, kika sake ci. Ba ni na ba ki wannan hali ba, na dai samu darajar a ce ɗiyata ce.

Kada ki riƙa kirana kullum kina tambayar ko na ci abinci, innarki tana nan. Ki rubuto mini ta intanet in kin samu dama, ki rubuta da Hausa, mai tsawo, zan karanta da kaina. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaida malamanki kafin su gaishe ki. Ki ci abinci ko ba ki jin daɗinsa.

Jibi ni zan raka ki tasha. Abu ɗaya nake roƙo. Na san halinki, in mota ta tashi za ki leƙo ta taga ki ɗaga hannu kina kuka a ɓoye, ni kuma in tsaya ina fuskantar inda motar ba ta. Kada ki yi haka. Ki ɗaga murya ki ce, "Baba, na tafi," da ƙarfi, yadda duk tashar za ta ji, ko da mutane za su kalle ki. Ina so in ji da kunnena, in san inda zan juya in ce miki ki sauka lafiya. Sau biyu ya kamata in faɗa ban faɗa ba.

Allah ya kiyaye fitarki da shigarki. Allah ya sa hannunki ya zama sanyi ga duk macen da za ki taɓa, ya sa kukan farko na jarirai da yawa ya zama a tafinki. Allah ya tsare ki daga ciwo, da mugun aboki, da irin gaggawar ubanki. Ya dawo mana da ke lafiya, ya sa mu ji sallamarki a ƙofar gida. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da zan yafe ba.

Wassalam.

Babanki,
Laminu